Zanen Ikko a Ƙasan Akwati

Tsamaye, ta Sabon Birni,
Jihar Sakkwato.
Cikin watan Rajab, 1985.

Zuwa ga Gwaggona Tani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa irin ta ɗiya ga uwa, tare da fatan wagga takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Sodangi da yara da duk mutanen gidanku na Shagamu. Allah Ya ba ki sauƙin ƙafar nan da aka ce tana damunki in an yi ruwa, Ya sa albarka a cinikin goro, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na kasuwa, Ya nuna mana ranar da za mu sake haɗuwa da alheri. Amin.

Gwaggo, ban taɓa rubuta wa babba takarda ba, kuma kin san ni da nauyin baki. Amma akwai maganar da na riƙe a cikina, ban gaya wa kowa ba, ko Inna, ko Hajiya Inno da na yi koyo a hannunta. Za ki ji labari, in ma ba ki riga kin ji ba, cewa an gwada ni ban ci ba, Hajiya za ta tafi Sakkwato da Binta, abokiyar koyona, ta bar ni. Gaskiya ne. Abin da ba wanda ya sani shi ne, ranar gwajin na ga zanen da ya kamata in ɗauka, na gane shi tun hannuna bai taɓa shi ba, kuma na bar shi da gangan. Ke kika tsaya gaban Baba har ya yarda aka kai ni koyo. Ba ni so ki zauna da zaton kin yi wahala a kan yarinya marar ido. Na san kina karanta boko da kanki, ba sai an kira wani ya karanta miki ba, shi ya ba ni ƙarfin hali. In kin gama, don Allah ki bar maganar a cikinki. Baba yana nan wurinku yana dakon goro, kada ko alama ya gani a fuskarki.

Mutanen gida suna nan da rai, mun gode Allah. Inna tana fama, ba ta cewa komai, amma zanenta yanzu sai ta zagaya shi fiye da da kafin ya kama ƙugunta. Amiru ya yi zawo ya warke. Ɗan'auta ya fara tafiya, sai dai ba ya son yin nisa, yana ɗan takawa ya zauna. Damina biyu ke nan gero yana bushewa tun bai fitar da kai ba. Rumbunmu an share shi har ƙasa, kaji ma sun daina zuwa gindinsa. Gulbi ya zama yashi, mata suna tono a tsakiyarsa su jira ruwa ya tsatso. Muna cin garin rogo in an samu, in ba a samu ba sai anza, wadda ake jiƙawa ana zubar da ruwan har ɗacin ya ragu. Shanun Yero da kika sani, waɗanda kan kwana bayan gonarmu bayan girbi, sun ƙare sai 'yan kaɗan, ya kora su kudu. Buzaye suna ta saukowa daga arewa da 'ya'yansu, suna zaune a inuwar kasuwar Sabon Birni. Ba na gaya miki wannan don in tayar miki da hankali ba, sai don ki gane abin da zai biyo.

Kin tafi tun ban yi nisa da koyo ba, bari in ba ki labarin aikin. Mutane da yawa a nan suna zaton ɗinki nake koyo. Hajiya takan ce ɗinki na tela ne, kitso na mai kitso, lalle na mai lalle, ita aikinta haɗa mace da kayanta. Za ta dubi amarya, ta dubi launin fatarta da tsawon wuyanta da yadda take taka ƙasa, sannan ta ce wanga zane da wagga riga, kallabi a ɗaura shi haka, 'yan kunne ƙanana, murjani a cire, gyale ya sauko ta kafaɗar hagu. A Maraɗi ta koya tun tana budurwa. Watannin farko ba ta bar ni na taɓa jikin kowa ba, sai ninki da guga da dutsen gawayi, har na iya gane atamfa 'yar Holan daga 'yar gida da yatsa, ido a rufe. Daga nan sai ɗaurin kallabi a kan tulun da aka kife. Ta ce in tulun ya yi kyau har ya sa ta gaishe shi, sannan za ta ba ni kan mutum. Ranar kasuwa takan zaunar da ni da Binta bakin rumfarta, duk matar da ta wuce ta ce mu raɗa mata abin da za mu cire da abin da za mu ƙara. Binta takan yi saurin magana. Ni sai na daɗe ina kallo. Hajiya tana tsokanata, wai kafin Safiyatu ta buɗe baki matar ta kai gida ta haihu an yi suna. Amma sau da yawa in na faɗa, sai ta gyaɗa kai. Gwaggo, ina jin kunyar faɗa, a shekarar da kowa yake kuka ni na samu abin da zuciyata take so. In na shiga ɗakin kayan nan na ji ƙamshin sabon turmi, sai in manta ban karya ba.

Da fari ya yi tsanani, aikin ya sake kama. Aure ya ragu, wanda aka yi kuma ba lefen kirki. Mata suka fara fitar da zannuwansu na adaka suna ba dillalai a sayar a sayo hatsi. Hajiya tana saye, ba ta taya su da wulaƙanci, sai ta riƙa ba amare aro su sa ranar buɗar kai, a ɗauki hoto, a mayar. Ta koya mana yadda ake ɓoye rama: zane mai nauyi wanda yake tsayawa da kansa ba ya manne wa jiki, riga mai rufe ƙashin wuya, ɗauri mai faɗi don fuska ta cika. Kuma ta kafa doka ɗaya wadda ba ta wasa da ita. Kin san garuruwanmu, kowace mace an san zanenta kamar yadda aka san muryarta. Saboda haka duk zanen da aka kawo sai ta tambayi dillaliya daga wane gari ya fito, kuma ba za a taɓa sa shi a garin ba. Na Gatawa a kai shi Isa, na Kamarawa a kai shi Tsamaye, na Tsamaye a kai shi can wani wuri. Ta ce matar da ta sayar da zanenta don ta ciyar da 'ya'yanta ba ta yi abin kunya ba, amma ba za a ce ta hannun Inno ta zo biki ta ga zanenta a jikin wata, mutane suna kallonta ta gefen ido ba. Akwatuna daban ta yi musu, kowane gari da nasa.

Akwai kuma al'adar gidan, wadda kin sani tunda ke kika yi maganar da ita: 'yar koyo ba ta biyan komai, amma daga gidansu ake aiko da geron da za ta ci. Da abu ya yi wuya na ce wa Inna bari in dawo gida, bakina ɗaya ya ragu a kan hatsin da babu. Ba ta ko dube ni ba. Kin san ba ta kiran sunana tunda ni ce ta fari, sai ta ce wa bango wai a gaya wa yarinyar nan ta koma inda aka kai ta, ba a fara abu a bari. Kuma geron bai taɓa yankewa ba. Duk lokacin da ya kusa ƙarewa sai in ga an aiko da ɗan ƙulli ta hannun masu zuwa kasuwa. Na yi zaton Baba ne yake aikowa daga wurinku. Ban tambaya ba.

Bayan Sallar Layya Hajiya ta gaya mana za ta tashi. Wata 'yar'uwarta mai shagon atamfa a Sakkwato ta kira ta, ta ce a can har yanzu ana biki, akwai matan ma'aikata da na 'yan kasuwa masu neman wadda za ta shirya su, har da masu fitowa a talabijin. Ta ce ɗaki ɗaya aka ba ta, yarinya ɗaya za ta iya ɗauka, ta ƙarasa mata koyo har ta tsaya da ƙafarta. Za ta gwada mu, kowace da amaryarta. Yadda take gwaji shi ne, ita za ta zuba kaya a akwati, ta sa na daidai a cikin waɗanda ba daidai ba, ta miƙa miki amarya, ta koma gefe ta zauna. Daga nan ba ta ƙara cewa uffan, ko da za ki ɗaura wa amarya buhu. Binta ta yi nata a Gatawa, ta yi daidai gwargwado. Ni kuma Hajiya ta ce ta ajiye mini bikin Ruƙayyatu ɗiyar maƙwabtanmu, wadda ta auri malamin makarantar nan da take so tun tuni. Ta ce tana so in yi a garinmu, gaban uwata, don a san abin da aka aiko ni nema na samo. Alheri ta nufa da ni, Gwaggo. Har ta ce wa Binta, tana dariya, ta fara koyon kuka tun yanzu don ranar rabuwa.

Mun iso Tsamaye da hantsi a bayan a-kori-kura. Bikin ba yawa, tukunya ɗaya aka ɗora, amma mata sun taru a tsakar gida, kowa ta wanke abin da ya rage mata ta sa. Aka shigar da mu ɗaki, ni da Hajiya da amarya, aka saki labule. Ruƙayyatu kin san ta, doguwa ce baƙa mai sheƙi, ga wuya. Yunwa ta taɓa ta, ƙasusuwan wuyanta sun fito, kanta a sunkuye cikin mayafi. Tun ina kallonta na san abin da nake nema: abu mai duhu, mai nauyi, da ɗan haske a cikinsa wanda zai tashi da fatarta. Na durƙusa na buɗe akwatin, na ɗaga na sama, na ɗaga na biye. Sai ga gefensa ya leƙo. Shuɗi mai duhu da ganye ruwan zuma.

Gwaggo, zanen da kika kawo wa Inna ne daga Ikko, shekarar da aka haifi Amiru. Wanda ta sa ranar suna, matan garin nan suka yi ta zagaya ta suna taɓawa, har suka sa mishi suna Zanen Ikko, don babu irinsa daga nan har Isa. Na ce wa kaina ai turmi ba ɗaya ake bugawa ba, wataƙila na wata ne. Sai na sa yatsa ta ƙarƙashi na bi bakinsa, na ji wurin da garwashin turare ya taɓa ƙona shi, inda Inna ta cike da baƙin zare don ba ta da shuɗi. Ina zaune kusa da ita ranar da ta yi wannan ɗinkin. A nan na gane inda gerona yake fitowa. Na gane kuma yadda aka yi zanen ya shigo akwatin da ba nasa ba. Inna ta san dillalai wurin Hajiya suke kai kaya, ta san ina gidan, ba ta so ni ko uwar ɗakina mu sani. Sai ta sa aka ce daga Kamarawa ya fito. Ita ba ta san dokar akwatunan ba, ban taɓa ba ta labari ba, tunda ba mu saba doguwar hira ni da ita ba. Ɓoyewar da ta yi ita ta dawo da shi Tsamaye, ɗaki ɗaya tsakaninsa da ita.

Hannuna yana kansa sai na ji muryar Adda matar Illo mai nono ta bayan zana, tana tsokanar Inna. Wai yau ranar ɗiyarki ce, ga ta can ta zama gwanar birni, amma kin fito da wannan koɗaɗɗen kamar mai zuwa roron gyaɗa, ina Zanen Ikko, ko sai Gwamna ya zo za a fito da shi? Mata suka yi dariya. Na ji Inna ta yi dariya ita ma, ta ce ai tausayin amarya ta ji, in ta sa shi ango zai rikice ya rasa wadda aka kawo mishi. Aka sake fashewa da dariya, wata ta ce a bar Gobirawa da cika baki ko ciki ba komai. Muryar Inna ba ta ko girgiza ba. Na duba, in na ɗaura wa Ruƙayyatu wanga zane na fito da ita, kafin ta kai tsakiyar gida kowace mace ta gane shi, kuma dariyar nan da Inna ta yi yanzu ita za ta zame mata abin da ba za ta iya haɗa ido da kowa ba.

Na ja wani gyale na rufe shi, na tura shi can ƙasan akwatin. Na ɗauko wata atamfa koriya mai haske, marar nauyi. Na san ba ita ba ce tun ina warware ta. Na yi iyakar ƙoƙarina, Allah Ya sani. Na ninka ta biyu a ƙugu don ta yi kauri, na ɗaura kallabin da ban taɓa yin mai kyansa ba, na sauko da gyale ya rufe wuya. Amma koren ya kashe hasken fatarta ya mayar da ita toka-toka, kuma da ta miƙe sai zanen ya bi jikinta ya nuna duk abin da aka ce mu ɓoye. Hajiya tana zaune a kan tabarma, hannu a haɓa, kamar yadda ta saba. Sau ɗaya kawai na ga idonta ya je kan akwatin ya dawo kaina.

Abin da ya fi ci mini rai, da muka fito da amarya sai guɗa ta tashi. Matan Tsamaye sun daɗe ba su ga sabon abu ba, suka yi ta sa albarka, wai Safiyatu ta iya, wai ɗaurin nan sai a Kano. Adda ta kama hannuna ta ɗaga sama. Na hango Inna can baya wajen murhu, ba ta matso ba, amma ta gyara tsayuwarta, tana ta juya tuwon da ya riga ya tuƙu. Ban taɓa ganin fuskarta haka a kaina ba. A duk gidan mutum biyu ne suka san aikin bai yi ba, ni da Hajiya. Har yanzu in na tuna hoton da aka ɗauki Ruƙayyatu a cikin koren nan, wanda za ta ajiye har ta tsufa, sai in ji na ci amanarta ita ma, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Hajiya ba ta kunyata ni gaban mutane ba. Sai da mota ta fita gari, muna bayanta ni da ita da buhunan wani mutum, ta buɗe akwatin ta zaro zanen ta shimfiɗa mini a cinya. Ta tambaye ni ko ban gan shi ba. Na ce na gani. Ta ce to me ya hana. Na ce na ga kamar ya yi duhu da yawa. Sannan ta ce ita kanta don Ruƙayyatu ta sayi wanga zane, tun ranar da dillaliya ta kawo shi ta ce ga na doguwar yarinyar nan, kuma ta yi zaton ko a cikin duhu aka sa ni zan lalubo shi. Ta ce hannuna ya fi na Binta nesa ba kusa ba, amma hannu ana koya mishi, ido kuwa in bai gani ba ita ba ta san yadda ake sa shi ya gani ba. Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Ta ce wataƙila ita ce ta yi gaggawa, ta ɗauki shiruna a kan sani. Zanen yana kan cinyata har muka shiga Sabon Birni, ban iya taɓa shi ba, ban iya ture shi ba.

Za ki ce me ya hana in gaya mata a ɓoye, ai mace ce mai rufin asiri. Na yi wanga tunani har kaina ya yi ciwo. Amma na san Hajiya. In ta ji, ba za ta iya zama da zanen ba. Za ta naɗe shi ta hau mota ta kai wa Inna da hannunta, ta ce ba da ita za a yi haka ba, ta kuma nemo dillaliyar ta wanke ta tas a tsakiyar kasuwa don ta yi mata ƙaryar gari. Kafin la'asar labari ya kai Tsamaye. Ko da ma ba wanda ya ji, Inna za ta san cewa mutum biyun da ta fi ɓoye wa, su suka sani. Za ta san kuma zanen da ta sayar don in zauna wurin koyo shi ya fitar da ni. Ita da ta sayar da akuyarta da kwanoninta na jere ba ta yi kuka ba. Wannan ban san yadda za ta ɗauke shi ba, ga jikinta yadda ya koma.

Na dawo gida da 'yan kayana. Da Inna ta ji Binta aka zaɓa, ranta ya ɓaci ƙwarai, abin da ban zata ba. Ta yi ta magana da turmi tana daka, wai duk garin nan sun ga aikin yarinyar nan da idonsu, wai ko don Binta 'yar cikin gari ce mu kuma na ƙauye. Washegari na ga ta wanke gyalenta ta shanya, ta ce za ta bi masu zuwa kasuwa ta je ta ji daga bakin Hajiya, in roƙo ne ta roƙe ta. In ta je, abu na farko da Hajiya za ta yi shi ne ta fito da zanen ta ce ga abin da ɗiyarki ta tsallake. Sai na durƙusa a bayanta, na ce kada ta wahalar da kanta, ni ce ba ni son tafiyar. Na ce aikin ya fita raina tun tuni, na gaji da tsugunno gaban matan mutane, kuma Sakkwato ta yi mini nisa. Ta tsayar da taɓarya. Sannan ta ce, wa bangon dai, ashe hatsin da aka yi ta aikawa tsuntsaye aka ciyar. Ta shiga ɗaki. Tun ranar ba ta sake tayar da maganar ba, gyalen ma ta ninke shi ta ajiye. Na fi son ta riƙe ni a raggo marar godiya da ta san gaskiya, amma ba za ni ɓoye miki ba, maganar tsuntsayen nan ba ta bar raina ba har yau.

Ina roƙonki abu biyu. Kada ki aiko wa Inna da wani zane a madadin wancan, ko da kin samu irinsa sak, don za ta gane an sani. In Allah Ya hore miki abin aikowa, ki aiko da hatsi ko garin rogo, ki ce na yara ne. Kuma in kin zo ganin gida, kada ki tambaye ta Zanen Ikko, ko da wasa. Na biyu, kada ki rubuta wa Hajiya, kada ki aika kowa ya yi mini magana wurinta. Ban rubuto don a gyara ba. Na rubuto ne don in san akwai mutum ɗaya a duniya da ya san idona ya gani.

Ki gaishe mini da Baba, ki ce mishi muna lafiya, ya kula da bayansa wajen ɗaukar kaya, kuma mun gyara gona muna jiran ruwa. Ki gaishe da Baba Sodangi da kyau, da Yaya Alhassan da amaryarsa, da Bawa, ki ce ya dage da karatu. Ki gaishe da Wakili mai mota, wanda za ni ba wagga takarda in ya zo lodin albasa. Inna ba ta san ina rubutu ba, amma na san da ta sani da ta ce a gaishe ki da gajiya. Amiru yana tambaya yaushe za ki kawo mishi kwakwa. Ku taya mu addu'a Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Jiya Hajiya ta aiko. Ranar kasuwa mai zuwa za su tashi. Ta ce in zo mu yi bankwana, kuma wai ta kasa daina tunanin ranar nan, in akwai abin da ban faɗa mata ba, ƙofa a buɗe take har mota ta tashi, mutum uku ma sa iya matsuwa a ɗaki ɗaya. Na san abin da take nufi, na san kuma kalma nawa ce za ta sa in hau motar. Na yi shawara da zuciyata na gama. Za ni je tun da safe in taya su haɗa kaya, don Binta har yanzu ba ta iya ninki ba. Ni za ni ninke zanen da hannuna in sa shi cikin kayan da za su wuce Sakkwato, inda ba wanda ya san shi. In ta sake tambayata, za ni ce mata ya yi duhu da yawa. Sannan in yi musu rakiya har tasha, in biyo masu jakuna in dawo gida kafin rana ta yi zafi, akwai ɗibar ruwa.

Wassalam. Taki ɗiya mai biyayya,
Safiyatu Lawwali.